Na ce namansa yana wari, alhali ko taɓawa ban yi ba

Assalamu alaikum, masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a yanke min hukunci. Ni kafinta ne a unguwar Malam Inna, shekaruna sun haura hamsin, kuma da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna nake wannan rubutu a hankali, don ba maganar da zan ba wani ya rubuta min ba ce.

Ƙanin matata ne ya zo daga Abuja, ya ce zai kai mahaifinsu, wanda muke kira Baffa, cin abincin rana a wani sabon gidan abinci na manya, murnar ya tashi daga jinya. Ya ce dole in je. Na ɗauka za a ware mu, surukai gefe guda, iyaye gefe guda, yadda aka saba. Muna shiga sai na ga tebur ɗaya tal aka tanadar mana, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, ga kofuna masu dogon wuya, ga cokula da wuƙaƙe jere a gaban kowa, sanyi kamar cikin randa. Wata ma'aikaciya mai baƙin ɗankwali ta ja min kujera, ina ɗaga kai sai ga Baffa daidai fuskata. Jama'a, tun da na auri 'yarsa ban taɓa tauna ko goro a gabansa ba. Haka aka rene ni. Ta yaya zan buɗe baki in sa loma yana kallona? Azumi kuma ba dama in ce ina yi, don kafin a zaunar da mu kowa ya gan ni na sha ruwa a ƙofa.

Aka kawo min gasasshen naman rago, an yi masa ado da ganye, ƙamshi har cikin kai. Na yi ta juya cokali mai yatsu, ina gyara zama, gumi na tsattsafo min cikin sanyin nan. Baffa ya tambaye ni sau ɗaya me ya hana ni ci, na ce zan ci. Ƙanin matata ya fara tsokanata wai yaya yana jiran a kawo tuwo. Sai ma'aikaciyar ta dawo ta rusuna ta ce, "Baba, ko akwai matsala ne?" Ban san lokacin da na ce, "Kamar naman ya ɗan yi wari" ba.

Baffa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ya sa aka kira manaja, ya ce surukinsa mutum ne mai haƙuri, in har ya yi ƙorafi to abin ya kai. Ya yi faɗa sosai, mutanen sauran tebura na juyowa. Manaja ya yi ta ba da haƙuri, aka ɗauke farantin. Ni kuwa a raina har daɗi na ji, na tsira. A hanya matata ta raɗa min cewa ta san abin da ya hana ni ci, na ce ta bar zancen.

Ga inda abin ya zame min ƙaya. A ajinmu akwai wanda muke zama benci ɗaya, zan kira shi Yohanna, mutumin Kaltungo ne, yana haya a unguwar Kumbiya-Kumbiya da iyalinsa. Na san mai dafa abinci ne, ya taɓa faɗa min ya samu sabon wuri, amma ban riƙe sunan ba. Satin nan ya shigo aji fuska a murtuke. Ya ce an dakatar da shi, wai wani baƙo ya ce naman da ya gasa yana wari. Ya rantse da safen aka yanka ragon, ya ɗanɗana naman da aka dawo da shi, ko yanka ba a yi ba. Ya ce, "Oga kafinta, da mutumin ya ci ya tofar, da na yarda. Amma mutum bai taɓa ba, ya kashe min suna?" Na ce Allah ya kyauta. A raina kuwa na gane ni ne baƙon.

Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya. In ɗauki zarto in ajiye, in auna katako in manta awon. In na je na faɗi gaskiya, Baffa da ya tsaya min a gaban jama'a ya zama wanda ya yi faɗa a kan ƙarya, kuma da wane baki zan ce masa kunyarsa ce ta sa? In na yi shiru, yaran Yohanna fa?

Jiya bayan aji ya riƙe hannuna ya ce an shawarce shi ya tafi da dattijo ya roƙa masa manaja, kuma ba shi da dattijon da ya wuce ni. Na amsa masa kafin in yi tunani. Ranar Asabar zai biyo min da babur. Manajan nan ya san fuskata, ma'aikaciyar ma ta sani. Jama'a, me zan yi?