Rokar da Babanki Ya Fenta da Hagu

Katanning,
ƙarshen Oktoba

Zuwa ga 'yata Narelle,

Gaisuwa mai tarin yawa, haɗe da kewar da ba ta raguwa. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Hamish da yara. Allah ya sa sanyin Aberdeen bai fara cizo ba tukuna, ya kuma raba jikana Fergus da tarin nan da yake damunsa kowace shekara. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ruwan bana ya yi kyau, alkama ta yi kai, manoma suna murna a ɓoye don kada a ce sun taɓa jin daɗin wani abu. Gwiwata tana nan da halinta. An cire wa gwaggonki Beryl yanar ido, yanzu tana ganin ƙurar gidan kowa ban da nata.

Bayan haka, maganar gidan kula da tsofaffi na Perth ce ta zaunar da ni rubutu, don a waya ba kya barina in kai aya, ni ma ba na barinki. Kin ce in kun zo Kirsimeti za mu je mu ga wurin, a sa gidan nan a kasuwa. Ban ga laifinki ba. Kina can wata duniya, ubanki ya samu shanyewar ɓarin jiki, uwarki ba yarinya ba ce, dole hankalinki ya tashi. Amma ranar da kika gaya masa, kin ji abin da ya ce: duk yadda kuka yi daidai ne. Ke kin ɗauka amincewa ce. Ni da na tsufa ina jayayya da mutumin nan ko a kan gishirin miya, na san ba amincewa ba ce, sallama rai ne. Kalmar nan ta fi ranar da ya faɗi tsorata ni. Tun da ya dawo daga asibiti yake zaune a kujerar bakin taga, hannun daman da ya shanye a kan cinya, yana kallon titi, ko baƙi ba ya son gani.

Ana nan sai ga Clarrie, abokin nan nasa mai tumaki, wanda ya ba 'yan ƙungiyar harba ƙananan rokoki aron makiyayarsa har shi ma cutar son roka ta kama shi. Ya shigo ba sallama kamar kullum, ya dire wani dogon kwali a kan teburin cin abincina, ya ce wa babanki wai ga aiki nan ya kawo wa malalaci. Babanki ya ce ya kwashe tarkacensa ya fita. Clarrie bai ko kula ba, ya koma mota ya ɗauko tasa rokar ya nuna mana, wadda ya shafa wa ragowar fentin ƙofar rumbu da burushi. Narelle, ban taɓa ganin muni irin wannan ba. Babanki ya dube ta, ya sake dubawa, ya ce wa Clarrie ko akuya aka tsoma wa jela a gwangwani za ta fi shi iyawa. Clarrie ya ce to ai akuyar tana da ƙoƙari, ba ta zaune a bakin taga. Ya shanye shayinsa, ya cinye mini biskit, ya tafi ya bar kwalin.

Kwalin ya yi kwanaki muna cin abinci a gefensa. Na rantse ba zan ɗaga shi ba, shi ma bai ce a ɗaga ba. Wata safiya na dawo daga kanti na tarar ya farke shi da wuƙar burodi, ya baje kayan: dogon bututu na kwali mai tauri, hanci mai tsini, fukafukai na siririn katako, laimar sauka, da igiya. Ashe akwai ƙa'ida. Wanda yake so a yarda masa ya harba roka mai babban inji, sai ya haɗa ta da hannunsa, ya harba ta gaban shaidu, ta dawo ƙasa ba karaya. Da na miƙa hannu zan riƙe masa bututun, ya daka mini tsawa wai zan ɓata masa jarrabawa. Rabon da ya yi mini tsawa har na manta, sai da na shiga ɗaki na yi dariya ni kaɗai.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba a ce ba ya haɗa roka ba. Ya koma rumfar aikinsa ta bayan gida. Bututun a matse tsakanin gwiwoyi, tef a haƙori, gam a gemu. Fiffiken farko ya manne a karkace, da safe ya gani, ya ɓalle shi ya sake. Ya zage shi, ya zagi Clarrie, ya zagi wanda ya ƙirƙiro gam. Ni dai aikina kai shayi da kwashe kofi. Ya cike duk wata tsaga, ya bi da sanfefa, ya shafa da bayan yatsa, ya sake bi. A haka har ta tsaya da kanta a ƙasa, tsayinta ya kai mini ƙirji, fukafukan sun miƙe sak.

Daga nan ne rigimar ta taso. Na tambaye shi wane launi zai yi mata, sai ya ce ba zai fenta ba. Wai al'adar 'yan ƙungiyar ce, sabuwar roka tsirara take tashi, sai ta je ta dawo lafiya sannan ta cancanci fenti. Na bincika, gaskiya ne, da yawansu haka suke yi. Amma wa zai yi wa wayo? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana fentin motocin garin nan, wanda in ya ga mota a titi zai gaya miki wa ya fesa ta, shi ne yau ya zama mai bin al'adar mutane? Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tsoro kake ji, Merv, tsoron ka ɗauki bindigar feshin fenti da hagu ka ga abin da zai fito. Na ce in tsirara za ta tashi to ka tafi kai kaɗai, ni ba na rakiya. Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Na yi nadama nan take, amma ban janye ba. Kin san halina, shi kika gada.

Mun yi kwanaki sai gaisuwa. Sannan wata rana da hantsi na hango shi ya sa abin rufe hanci. Gwajin farko bai yi kyau ba, ba zan ɓoye miki ba. Hannun ya yi rawa, fentin ya taru wuri guda ya zubo kamar hawaye tun daga hanci har gindi. Na leƙa ta taga na gan shi zaune a kan bokiti, kansa a sunkuye, na ce shi ke nan na kashe maganar da bakina. Da la'asar sai na ji ana jan wani abu mai nauyi a baranda. Keken ɗinkin kakarki ne, wanda ake takawa da ƙafa! Ya cire kan, ya ɗaura sandar tsintsiya a jikin wilin da ke juyawa, ya zura rokar a sandar. Yana takawa da ƙafar hagu, roka tana juyawa a hankali, shi kuma ya jingina gwiwar hannunsa a kan tebur yana bi da feshi sannu sannu. Tun da hannu ya ƙi zagaya roka, sai ya sa roka ta zagaya hannu. Na buɗe baki zan yi masifa a kan keken uwata, na ga fuskarsa, na haɗiye. Feshin ya mayar da keken launin ruwan lemo har abada, Allah ya jiƙan mai shi.

Ruwan lemo mai haske ya zaɓa don a hango ta a cikin ciyawa, da baƙin zobe a wuya. Ya kankare, ya fesa, ya bari ta bushe, ya goge, ya sake fesawa, har ina ganin fuskata a jikinta. Saura ɗigo guda a gindin wani fiffike, wanda sai an nuna miki za ki gani. A kansa ya so ya fasa zuwa taron harba rokokin. Ga shi taron shi ne na ƙarshe kafin a hana kunna wuta a daji, in ya wuce sai wata shekara, ke kuma kina tafe da maganarki. Na ce masa in ya fasa zan gaya wa Clarrie cewa tasa ta fi kyau. Da safe na tarar ya riga ni shiryawa.

Ranar Asabar muka je makiyayar. Ƙudaje kamar an biya su, ana gasa naman sosej ana sawa a burodi, tumaki sun koma can gefe suna kallon mahaukata. Ya barbaɗa wa laimar hodata don kada ta manne, ya ninke ta a kan cinya da hannu da haɓa, ya cusa. Mai duba rokoki wata malamar makaranta ce, Dimitra, ba ta wasa da aikinta. Ta girgiza fukafukan, ta ɗora rokar a kan yatsa ta ga inda nauyinta ya daidaita, ta duba injin. Sannan ta tambaya wane kamfani ya yi masa fentin, don ƙa'ida ba ta hana ba amma tana so ta kai tata. Clarrie ya ce ai kamfanin ga shi nan tsaye da sanda, kuma ba shi da kirki. Mutane suka taru suna shafawa, babanki yana korarsu wai za su sa mata maiƙon sosej.

Da aka ƙirga ya danna maɓallin harbawa, sai ƙara kamar an yage zane, sai hayaƙi, sai na ga ɗigon lemo yana shigewa sama har ya ɓace mini. Na riƙe rigarsa ban sani ba. Can sai wani ya yi ihu laima ta buɗe. Ta buɗe kam, amma iska ta ɗauke ta, ta tsallake shingen waya, ta sauka can ƙarshen makiyayar kusa da tafkin tumaki, inda da ƙyar ake hangowa. Clarrie ya tada a-kori-kurarsa ya ce hau mu je, tsoho. Babanki ya ce shi ya aike ta, shi zai ɗauko ta. Na ce haba, Merv, ga ramuka ga macizai sun fara fitowa. Ya ce in ina so in bi shi to in bi a baya, kada in kuskura in taɓa shi.

Narelle, wannan tafiyar ce nake so ki gani da idonki. Mutumin da ko akwatin wasiƙa ba ya zuwa. Ya dogara sanda, ya ja ƙafa, ya tsaya ya huta, ya ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa. A shingen ya ajiye sanda, ya zauna a ƙasa, ya ja jiki ta ƙarƙashin waya, rigarsa ta yage, ni ina tsaye hannuwana suna ƙaiƙayi. Da ya isa ya ɗauke ta sai matsala ta zo, hannu ɗaya ne, kuma sanda ta riga ta kama shi. Ya dubi sandar, ya dubi rokar. Sai na ga ya ɗaga hannun daman nan da hagunsa, ya cusa rokar a hammata, ya matse. Ta zauna. Haka ya dawo da ita har gaban Dimitra, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Ta duba ta ce ba karaya, sai ƙurjewa kaɗan a hanci, ya ci jarrabawa. Aka yi ta tafi. Clarrie ya juya baya yana fyace hanci wai ƙura ce. Ni ban ɓoye nawa ba, na yi kuka a gaban kowa, kuma ban taɓa alfahari da mijina irin na ranar ba, har da ranar aurenmu.

Ba na ce miki ya warke ba. Har yanzu ni nake ɓalla masa maɓallin riga, har yanzu yana jan ƙafa, wata rana kuma ƙila maganarki ta zama dole. Amma ba bana ba. A hanyar dawowa shi da kansa ya ce in gaya miki ba ya zuwa ko'ina, wanda yake son sayar da gida ya sayar da nasa. Ku zo Kirsimeti ku ci abinci, ku yi faɗa da mu a kan wani abin daban.

Ki gaishe mini da Hamish, ki ce na gode da haƙurin da yake yi da ke. Ki sumbaci Rhona da Fergus. Ki gaida surukarki Morag da jiki. Beryl tana gaishe ku, haka ma Clarrie da matarsa Dulcie. Babanki kuwa ba zan yi miki ƙarya in ce yana gaishe ki ba, don ba ya gida. Tun da safe Dimitra ta zo ta ɗauke shi da bindigar feshinsa, har yanzu bai dawo ba, abincinsa ya huce.

Allah ya tsare ku, ya kawo ku lafiya.

Ni ce mahaifiyarki,
Glenys