Piirakkar Mama

Veikko,

Na tafi asibitin Joensuu da motar safe, ban tashe ka ba. Sun kira, wai tun jiya Mama ta ƙi cin komai, piirakka kawai take nema, ɗan gasasshen burodin nan mai cikin shinkafa. Da aka haɗa ni da ita a waya, abin da ta fara cewa shi ne, "Raili, idan ɓawon bai yi siririn da za a hango coci bakwai ta cikinsa ba, kada ki wahalar da kanki."

Sau uku ina murza kwaɓin garin hatsin ruis ɗin, har yanzu bai yi mini siriri ba. Shinkafar ma ta so kamawa. Na ɗauki goma masu ɗan kyau.

Sauran suna kan tebur. Ka tsoma su cikin madara mai zafi da man shanu, ka rufe da tawul, kada su bushe. Ka ci iya cikinka.

Ka yi haƙuri da faɗan jiya, na san ba ka san na Mama ne ka ci ba. Amma ukun da suka rage a firiza, kada ka sake taɓawa. Su ne na ƙarshe da yatsunta suka kitsa wa baki, kuma ni har yau ban iya ba.

Raili