Ɗorawar Inna

Sandamu,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga mahaifina Malam Dabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta 'ya ga ubanta, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙarfin jiki, yaya zafin Kano? Ina Yaya Mansur da iyalinsa? Mu nan kowa lafiya, sai kewarka. Na ba Sharu direba takardar ne don tun da kunnenka ya yi nauyi waya ba ta kai maka magana, ga shi abin da ke bakina ba na ihu ba ne.

Baba, maganar ɗorawar Inna ce, Allah ya jiƙanta. Kauci ya ci ƙarfinta. Duk reshen da ka duba ga shi nan ya yi cunkus, ya yi kore shar, ita kuwa uwar sai ramewa take yi. Bana kalwar da na tsinta ba ta kai a hura mata wutar daddawa ba. Babban reshen gabas ya sunkuyo kan ɗakin 'ya'yan Malam Amadu maƙwabcinmu, kuma shekaranjiya da aka yi iska wani busasshe ya faɗo ya lotsa masa kwano. Bawan Allah bai ɗaga murya ba, amma ya kai magana gun mai unguwa. An yanke cewa kafin ruwan farko a kawar da hatsarin. Ba wanda ya furta sara, sai dai kowa ya san inda aka dosa.

Surukinka, maigidana, aka nufa da aikin, wanda kake kira Mai Ƙara saboda injinsa na yankan itace, ko da yake yanzu ƙarar tasa ba ta isa kunnenka, sai namu. Na san ra'ayinka a kan inji. Ka sha faɗa cewa gatari yana ba mutum lokacin sake shawara, inji kuwa kafin ka ce a'a ya gama. Ka yafe mini rashin kunya, amma zan yi masa shaida. Ni 'yar masassaƙi ce, da ƙarar gizago na yi wayo, na san mai ganin girman kayan aiki in na gan shi. Ba ya fita sai ya kife tsohon turmi ya zauna, ya bi haƙoran sarƙar nan da magagari ɗaya bayan ɗaya, ya goge fulogi, ya haɗa fetur da baƙin mai ya ɗaga jarkar ya duba launinsa. Koko yakan huce yana jiransa.

Ya ce ba zai taɓa ko ɓawonta ba sai da izininka. Ni dai ba na so a sare ta, Baba. A gindinta Inna ta koya mini tankaɗe, kuma ban da ita ba abin da ya rage a tsaye na hannunta. Amma magana taka ce.

Ka gaishe mini da kowa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Rauda.

Sandamu,
Ranar Alhamis.

Baba,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata ka tashi lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi.

Jiya da Yaya Mansur ya kira ya miƙa maka wayar, na yi murnar jin muryarka, amma murnar ba ta daɗe ba. Abin da ka ce ke nan, a sauke ta, ka mayar masa da wayarsa. Na zauna a bakin murhu na yi kukana har tuwo ya kama.

Da surukinka ya dawo daga yankan katako a Dutsi na gaya masa. Ya sa na maimaita kalmar, ya sake sa ni na maimaita, har na ce ko shi ma kunnen ya fara. Sai ya yi murmushi ya ce ban iya sauraron ubana ba. Wai a duk zaman da ya yi kusa da kai bai taɓa jin ka ce a sauke itace kana nufin a kai shi ƙasa ba. In sara ne, kayarwa kake cewa. Saukewa kuwa ta kaya ce, kamar yadda ake sauke wa mai tallar itace dami daga kai. Saboda haka a fahimtarsa cewa ka yi a sauke mata nauyin da ke kanta reshe reshe, a raba ta da kauci, a bar uwar a tsaye.

Wallahi Baba, ji na yi kamar an zare mini ƙaya. Yaya Mansur ya ce shi dai sara ya fahimta, amma shi ɗan kasuwa ne, ko muciya bai taɓa sassaƙawa ba.

Abokan aikin surukinka ba su so ba. Sun ce kayarwa aikin hantsi ne, a ɗaure ta a ja ta yamma inda fili yake, kowa ya kama gabansa. Hawa kuwa da inji a hannu, a kan itacen da ciwo ya ci, neman magana ne. Bai yi musu da su ba. Ya je gun masu haƙar rijiya ya aro igiyoyinsu masu kauri, ya kai ƙaramin injinsa gun Sha'aban makanike aka wanke masa kafireta don kada ya mutu masa a sama. Ya kuma je da kansa ya shaida wa mai unguwa da Malam Amadu cewa in wani abu ya taɓa ɗakin nan, a wuyansa.

Asabar za a hau in Allah ya kai mu. Muna barar addu'a.

Taka,
Rauda.

Sandamu,
Ranar Litinin.

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gidan duka, albishirinka. An sauke wa ɗorawa kaya, kuma kowa ya sauko da ƙafarsa.

Da ma kana nan ka gani, don gani ya kori ji. Ni ta kan katanga na leƙa, rabin kallon ma ido a rufe na yi shi. Ya hau ba takalmi, igiya ɗaya a ƙugunsa, sai da ya zauna daram sannan aka jawo masa injin da wata igiyar. Kowane reshe sai ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa ya kasa kunne kafin ya yarda ya taka. Ya ɗaure reshen, ya ratayo igiyar ta kan wanda ke sama, mutane suna riƙe a ƙasa. Sannan ya fara tsaga shi ta ciki kaɗan kafin ya yanko ta sama, don kada ya ɓalle ya yage wa uwar fata. Reshe ya rabu da jikinta ya tsaya yana lilo, a sassauta igiya a hankali har ya kwanta a ƙasa kamar an kwantar da jariri.

Na gabas ne ya tsayar mana da numfashi. Da ya ƙwanƙwasa sai ya ji kogo, cikinsa duk ya zama gari. Ba wurin takawa. Ya koma reshen sama ya rataye kansa, ya riƙa gutsura shi daga baki guntu guntu, ƙafafunsa na reto a kan kwanon Malam Amadu. Garin itace ya rufe shi har gira. Masu cewa neman magana ne su suka fi kowa riƙe igiya da ƙarfi, har hannun ɗayansu ya ɗaye bai saki ba. Allah ya saka musu. Ko tsinke bai taɓa kwanon ba.

Da ya sauko na riƙe masa moɗa ya sha ruwa. Bai huta ba ya sake hawa da kwaɓin laka da kashin shanu, ya shafe bakin kowane yanka.

Kauci kuwa kafin la'asar mata sun kwashe shi tas, wai na ɗorawa magani ne. Rassan an loda a amalanke, ya ce a kai wa Malam Amadu rabi.

Yanzu tana nan tsaye ƙwal kamar an yi mata askin suna. Masu wucewa suna dariya, wasu na cewa wahalar banza aka yi, ba za ta tashi ba. Shi kuwa kullum da safe sai ya zagaya ya ɗaga kai. Na san so yake ka ji cewa ya fahimce ka.

A gaida Yaya da yara.

'Yarka,
Rauda.

Sandamu,
Ranar Juma'a.

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kana lafiya. An yi ruwa nan har an yi shuka, Allah ya sa albarka.

Jiya ka daɗe kana magana a waya, ina ta cewa na'am, na san ba ka ji. Shi ya sa na ɗauki biro, don ka san na ji duka.

Ashe sara kake nufi. Ashe bakinka ne ya kasa cewa a kayar da itacen Inna, ka nemi kalma mai taushi. Ka ce ka fi kowa sanin cikin ɗorawar da kauci ya ci, ka taɓa ɗauko abokin sana'arka daga gindin irinta bayan ya faɗo, kuma da ka san hawa za a yi da ka zo ko da rarrafe ka hana. Ka ce itace ko na wane ne bai kai ran ɗanka ba. Ɗanka ka ce, Baba, ba Mai Ƙara ba. Na ji wannan ma.

Na rasa yadda zan gaya masa, don yana ta alfahari a zuci cewa shi kaɗai ya gane maganarka. Da ya dawo na bari ya ci abinci, sannan na faɗa masa duka, ban rage ba. Can sai ya ce ashe kuskure ya hau ya yi, ya yi dariya kaɗan, dariyar ta maƙale. Ya tambaye ni ko na tabbata da kalmar ta ƙarshe, cewa ɗanka ka kira shi. Na ce wannan kam ba sai na maimaita ba. Ya tashi ya fita bayan gida, ni ma ban bi shi ba.

Ka ce in gaya maka gaskiya ko itacen ya mutu, kada in ɓoye. Bai mutu ba. Tun ruwa na biyu ta fara tofo a bakin yankan, jajaye ƙanana, yanzu har gurbin reshen gabas ya fitar. Surukinka ya ce in roƙe ka gafarar saɓa maka da ya yi. Ni kuwa ban roƙa masa ba, don ban ga laifin ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan Inna, ya bar mana ku.

'Yarka mai ƙaunarka,
Rauda Dabo.