Ranar da Na Zauna a Bayan Ajin Auta

Zuwa ga Uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da jikin Yaya, yayarki. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Dalilin wannan takarda shi ne maganar Auta. Tun tafiyarki makaranta ba ta daina kirana ba. Laifin nasa bai sauya ba: tashi ana tsakiyar darasi, amsa tambayar da ba shi aka yi wa ba, da ƙwanƙwasa biro a tebur har malamin lissafi ya manta inda ya tsaya. Hukuncinsu kuwa shi ne a hana shi fita tara, ya zauna a aji shi kaɗai. Na sake kai musu bayanin likita game da larurarsa ta ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda ake kira ADHD. An karɓa cikin ladabi, aka sa a durowa.

Yanzu kwamitin ladabtarwa zai zauna a kan ko a kore shi. Kafin nan, bisa tsarinsu, sai uba ya je ya wuni a ajin ɗansa, wai don yaro ya ji kunya. Babban wansa ya ce zai je a madadina, domin ya san maganin abin. Ni ma na san irin maganinsa, saboda haka na ce ya yi zamansa.

Kada ki tayar da hankalinki, kada kuma ki baro jinya.

Mijinki,
Baban Auta

Zuwa ga Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Na ji Yaya ta fara takawa, mun gode Allah.

Na je, na kuma zauna. An ba ni benci na ƙarshe, gwiwoyina suna tokare da tebur. Wata yarinya ta miƙo mini fensir, ta ce sabon ɗalibi ba ya zama hannu rabbana. Da kina nan da kin yi dariya har da hawaye.

Auta bai motsa ba ko sau ɗaya. Malamin lissafi ya matso ya ce mini, "Ka gani ko, Baba? Da gangan yake yi." To, shi daga gaba yake kallo, ni daga baya. Abin da na gani shi ne yaronki ya damƙe ƙasan bencinsa da hannu biyu, ya naɗe ƙafafunsa a jikin ƙarfen bencin, bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf da gumi.

Da aka kaɗa ƙararrawa na tambaye shi me aka koyar. Ya sunkuyar da kai ya ce bai ji komai ba, zaman ne ya cinye masa hankali, don kada ya ba ni kunya. Na buɗe tafin hannunsa, na ga shatin katako.

Wannan na faɗa wa kwamiti, ban ƙara ban rage ba. Na ce ban zo neman a ɗauke masa ladabi ba, kuma zai ba malaminsa haƙuri. Na roƙi a mayar da shi jikin bango ta baya, inda zai iya miƙewa tsaye ba tare da ya tare kowa ba, a ba shi aikin goge allo da rabon littattafai. In ya yi laifi a hukunta shi, amma kada a taɓa masa lokacin tara, domin guje-gujen nan ne ke sauke masa abin da ya taru a jikinsa.

Shugabar makaranta ta janye maganar kora zuwa ƙarshen zango, a gwada a gani. Malamin lissafi ya ce ko ba komai hannunsa zai huta da alli.

Saboda haka ina neman haɗin kan kowa a gidan nan. Wansa ya ajiye barazana, yayyensa mata su daina kiransa Mazari. Ke kuma, cikin girmamawa, ina roƙon ki bar wannan kalma taki ta "zauna wuri ɗaya" a can wajen Yaya, ita ta fi bukatarta.

Jiya yana bitar lissafi yana kai-komo a falo, gwiwar hannunsa ta ture kofinki mai furanni, ya fashe. Amsar da ya bayar a lokacin daidai ce. Na ba shi tsintsiya, na karanto masa tambaya ta gaba. Kofi kam zan nemo miki wani.

Ki gaida Yaya, ki dawo mana lafiya.

Mijinki mai kewarki,
Baban Auta