Bokitan Tsutsa a Bakin Tagar Inna

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon bayan naki? Inna na gaishe ki. Ƙafar tata da sauƙi, sai dai kin san gyambon mai ciwon suga ba ya saurin warkewa. Kullum da safe ina wanke mata in naɗe.

Yaya, abin duniya ya ishe ni. Tun da Baban yara ya yi ritaya ya kama kiwon kaji a bayan gida ban ce uffan ba, tunda muna cin ƙwai. To yanzu wai ya gani a waya ana kiwon tsutsa a ba kaji. Ya jera bokitai yana zuba dusa da ruɓaɓɓen tumatir da hanjin kifi, ƙudaje su zo su yi ƙwai a kai. Har robar wankina ya haɗa. Da na yi magana sai ya ce ban waye ba, ya damƙo tsutsotsin da hannu suna motsi, yana nuna mini yadda suka yi ƙiba. 

Abin takaicin, wai tsutsa inuwa take so, inuwar gidan nan kuwa tana bakin tagar Inna. Kin san kawaicinta da suruki. Cewa take ba ta jin wari, alhali da mayafi a hanci take wuni.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta


Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu dai ba lafiya ba.

Jiya na warware ƙafar Inna, na ga fararen abubuwa suna motsi a cikin gyambon. Sai da na fita na yi amai kafin na kai ta asibiti. Nas ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi wai wa ke kula da tsohuwar nan. Likita ya ce in ƙuda ya sake sauka a kai, to sai an yanke ƙafar.

A hanya Inna sai roƙona take kada in faɗa wa Baban yara, wai zai ji kunya. Na faɗa. Ya yi mata sannu, ya ce nasa ƙudajen masu tsabta ne. Na ce ya kwashe bokitan, ya ce rana za ta kashe masa tsutsa, gara Inna ta ɗan huta a wajenki. Wallahi ƙyamarsa nake ji fiye da bokitan.

Don Allah ki zo ki ɗauke ta gobe. Ɗazu na same shi a ɗakinta da igiyar awo, yana auna inda zai kafa katakon bokitai. Tana kwance, ta janye ƙafar don ya samu wurin wucewa.

Sai kin zo.
Ƙanwarki, Auta