Kifin da Za Mu Mayar Ruwa

Kawu Sale,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali, ya ruwan Yawuri?

Albishirinka! Hutun nan ni da abokina Bashir za mu bar Kuala Lumpur mu tsallaka Tailan, kamun wani kifi da ake kira kaf. Wallahi Kawu, wani girmansa ya kai na ɗan maraƙi! Har na sayi ƙugiya.

Sai dai dokar tafkin ce ta ɗaure min kai: in ka kama, a auna, a ɗauki hoto, ka mayar da shi ruwa da ransa.

Don Allah ka turo min sirrin haɗin dusar nan da kake jawo kifi da ita, ka kuma sa mu a addu'a. Ka gaishe da Inna, amma kada ta ji cewa jikan masunta zai saki kifi.

Ɗanka,
Nura