Ranar da Sunan Baba Ya Fito Daga Akwatin Rediyo

Aboabo, Tamale
14 ga Nuwamba, 1960

Zuwa ga Yayana Abdul-Jalil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sanyin Kanada da kake ba mu labari, ya sa ka gama karatu ka dawo mana lafiya. Mu nan kowa kalau. Ƙafar Mma ta yi sauƙi, sai dai ka san ta, ba ta yarda ta zauna wuri ɗaya. Matarka Sawudatu tana lafiya, 'yarka Rakiyatu kuma ta fara tafiya, har ta fasa mini kwalbar tawada. An shigo da gyaɗa daga gonar Sagnarigu, bana ta yi kyau, alhamdu lillahi.

Yaya, kai ka jawo mini aikin da nake ciki. A wasiƙarka ta baya ka ce mutanen can suna buga hoki a kan ƙanƙara da takalma masu ƙarfe, har akwai waɗanda wasan ne sana'arsu. Da na karanta wa Mma, cewa ta yi lallai sanyi ya taɓa maka kai. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ka ce direban bas ɗin da kake haya a gidansa bai taɓa sayen tikiti ba, amma ya san kowane ɗan wasa, domin rediyo na kawo masa wasan har ɗaki, kyauta.

Ka san shekara uku ke nan ina koya wa ɗaliban makarantarmu hoki, namu na kan ƙasa, na sanda da ƙwallo. Ranar wasa ba mai kallonmu sai awaki. Watan jiya hedimasta ya ce mini filin yana zaman banza, in zangon nan ya ƙare mutanen gari ba su nuna suna so ba, za a nome shi a shuka masara, sandunanmu a zuba su a sito. Ban ga laifinsa ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ƙudura cewa ba zan zuba ido a yi haka ba.

Sai na je wurin abokinka Abdul-Mumuni, wanda ke aiki a gidan rediyo mai waya. Na dame shi har ya yarda ya ja waya zuwa filin, aka ba mu rabin awa ran Asabar bayan la'asar. Amma akwatunan rediyon da ake haya duk wata, a gidajen akawu da manyan 'yan kasuwa suke, talaka ba ya ji. Don haka na roƙi Sidiki tela, maƙwabcinmu, ya fito da nasa bakin ƙofa ya juya shi wajen titi. Mai shayi na tashar lori ma ya yarda. Ta haka mai wucewa zai ji ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Asabar ta farko, ni ne mai bayanin wasan a rediyo, na yi abin kunya. Na ɗauki rajistar makaranta ina kiran 'yan wasa yadda aka rubuta su, harafi ɗaya da suna ɗaya, kamar yadda Turawa ke yi. Na yi ta ihu har muryata ta dushe. Washegari Sidiki ya ce mutane sun taru, suka ɗan saurara, suka tambaya ko sakamakon jarrabawa ake karantawa, suka watse. Awawu mai fura kuwa wanke ni ta yi tas a gaban jama'a. Ta ce a garin nan wa ya san mutum da harafi, in ban ce ɗan wane na gidan wane ba ai ban kira kowa ba, ko makaɗan Dagomba ba sa yabon mutum sai sun fara da kakansa. Ta ce boko ya cinye mini kai. Na ji zafi, amma gaskiya ta faɗa, ni da aka haifa a Aboabo.

Cikin makon na bi gidajen iyayen 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya ina neman izini, tunda ba a kiran sunan dattijo a bainar jama'a ba da saninsa ba. Biyu suka ƙi, sauran suka yarda. Shekaranjiya na bar rajista a aji. Da na ce ɗan Wahabu mahauci na Gurugu ya kwashi ƙwallo, ba a jima ba sai ga Wahabu a kan keke da rigar aikinsa, yana tambaya wa ya taɓa masa ɗa. Kafin hutun rabin lokaci mutane sun zagaye gefe biyu na filin.

Can sai ƙanenmu Usumanu, mai tsaron gida, ya tare wata ƙwallo mai zafi, bakina ya riga tunanina, na ce Usumanu ɗan marigayi Malam Tahidu mai ɗinki. Yaya, gida ɗaya ne ban nemi izininsa ba, namu. Matata Zuleha ta ce Mma tana tsintar shinkafa a tsakar gida lokacin da sunan ya fito daga akwatin Sidiki. Ta ajiye faifai, ta ɗauki mayafi, ta tako da ƙafar nan har fili. Da na hango ta na ɗauka faɗa ta zo yi mini. Ta tsaya har aka tashi wasa, muka koma gida tare. A nan ta ce shekara shida ke nan ba ta ji an ambaci Baba da ƙarfi ba, sai a wurin addu'a. Ta share ido, sannan ta ce na yi ragwanci, ban faɗi sunan kakanmu ba.

Hedimasta ya ce taron rana ɗaya ba ya isa. Wasan ƙarshe ran uku ga Disamba ne, da 'yan Yendi, shi zai yanke hukunci. Na riga na sami akwati biyar da za a juya wajen titi, ina neman goma. Roƙona gare ka, ka zauna da direban nan ku saurari wasa ɗaya, ka rubuto mini yadda mai bayaninsu ke sa wanda ba ya gani ya san inda ƙwallo take, don a nan nake da rauni. Ka aiko ta jirgin sama, kwanaki sun ƙure.

Sawudatu da Zuleha da Usumanu suna gaishe ka, haka Goggo Mariyatu da Abdul-Mumuni. Ka gaishe mini da mai gidanka direba. Mma ta sa maka albarka, ta kuma ce in gaya maka ta sa an kai mata kujerarta bakin fili, duk mai son shuka masara a wurin sai ya fara ɗaga ta tukuna.

Naka ƙane,
Zubeiru Tahidu